An binne yayana, dangi sun ce guba aka sa masa: akwai hanyar gano gaskiya?

"Assalamu alaikum likita. Dan Allah ina da tambayar da ta hana ni barci. Yayana ne, shekararsa 38, lafiyarsa ƙalau ya dawo daga gona, ya ci tuwon dare, can cikin dare ya kama amai da gudawa, yana ta zufa, kumfa na fita a bakinsa. Da asuba aka kai shi asibiti, kafin azahar Allah ya yi masa rasuwa, a ranar aka yi jana'iza. Yanzu dangi sun haɗa baki cewa matarsa ce ta zuba masa guba a abinci saboda yana shirin ƙara aure, har an kore ta da goyo a baya. Ni dai zuciyata ba ta natsu ba. Shin kumfar nan shaida ce ta guba? Kuma tunda an riga an binne shi akwai hanyar da za a gano gaskiya?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayanki, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Aikina kenan binciken gawa, wato mu ne ake kira idan mutum ya mutu ba a san sanadi ba ko kuma ana zargin akwai hannun wani, kuma wallahi irin tambayarki na sha jinta a bakin ƙofar ɗakin ajiye gawa daga mutanen da idonsu ya yi ja da kuka. Idan na fahimce ki da kyau abu biyu kike son sani, na farko ko alamomin da kuka gani sun isa a ce guba ce, na biyu ko yanzu da ƙasa ta rufe shi akwai sauran abin yi. To amma a wajenmu tambayar ba ɗaya ba ce ba kuma biyu ba, uku ce, kuma dole a raba su: akwai guba a jikin? Idan akwai, ita ce ta kashe shi? Idan ita ce, ta yaya ta shiga? Danginku sun tsallake ta farko da ta biyu sun dira kan ta uku, har sun yanke hukunci, kuma nan ne abin ya fi damuna.

Mece ce ma guba?

Mutanenmu idan aka ce guba abin da ke zuwa musu a rai shi ne wani ƙullin gari a leda da mugu ke barbaɗawa a miya. A ilimin likitanci ba haka muke kallonta ba. Akwai wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus da ya rasu a 1541, shi ya kafa ƙa'idar da har yau muke kanta, cewa babu abin da ba zai iya zama guba ba, adadi ne ke raba magani da guba. Gishirin da ke cikin miyarki idan ya yi yawa a jikin jariri zai kashe shi, farasitamol ɗin da kowa ke sha don ciwon kai idan aka wuce kima hanta yake lalatawa, rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi an sarrafa shi da kyau ba akwai sinadarin sayanayid a cikinsa, kuma a ɗaya ɓangaren maganin da muke ba masu ciwon zuciya don jininsu kada ya daskare, wafarin, shi ɗin dai da farko maganin ɓera ne. Saboda haka samun wani sinadari a jinin mamaci ba ya nufin shi ya kashe shi, sai an duba nawa ne.

Bayan adadi sai hanyar shiga. Ta baki, ta numfashi, ta fata, ko ta allura ko cizo kamar dafin maciji, kowacce da saurinta. Sai kuma shi kansa mutumin, yaro ne ko tsoho, cikinsa da abinci ko wayam, hantarsa da ƙodarsa lafiya lau suke ko dama sun gaji, ya saba da abin ko bai saba ba. Wanda ya daɗe yana shan tiramadol jikinsa na ɗaukar abin da zai sumar da wanda bai taɓa sha ba. Wannan ne ya sa mutum biyar za su ci kwano ɗaya, uku su tashi garau, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya mutu, kuma ba wai don an ware shi ba ne.

Na ƙarshe lokaci. Wata gubar nan take take aiki, wata sai ta yi kwana biyu uku kamar ba komai sannan ta tayar, wata kuma a hankali take taruwa wata da watanni. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima zai iya wuni yana hira, sai a kwana na uku ido ya yi ɗorawa hanta ta tsaya. Kin ga kenan abincin ƙarshe da mutum ya ci ba lallai ne shi ne sanadi ba, amma mu a al'ada kullum kwanon ƙarshe muke kallo, kuma kullum mace ce ta dafa shi.

Batun kumfa

A'a, kumfa a baki ba shaidar guba ba ce. Kumfa na nufin ruwa ya taru a huhu ko a maƙogwaro ya haɗu da iskar numfashi, kuma abubuwan da ke kawo haka suna da yawa: zuciya idan ta gaza, farfaɗiya, nutsewa a ruwa, ciwon huhu mai tsanani, ƙoda idan ta tsaya, har da ruwan da aka ƙara wa mara lafiya a asibiti idan zuciyarsa ba ta iya ɗauka ba. Haka ma abin da masu wanka ke yawan faɗa, wai gawa ta yi baƙi, ciki ya kumbura, jini ya fito ta hanci. A zafin ƙasarmu, musamman da bazara, gawa kan fara canzawa cikin awanni kaɗan, ƙwayoyin cutar da dama ke zaune a hanji su ne ke fara aikinsu su cika ciki da iska su tura ruwa mai duhu ta hanci da baki. Na sha ganin haka a gawar wanda mota ta buge a gaban jama'a, babu ruwansa da guba.

Amai da gudawa kuwa ai kin san kwalara na iya ɗauke ƙato cikin wuni guda. Akwai taifod da ke huda hanji, akwai sanƙarau, akwai zazzaɓin Lassa, akwai maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa, akwai abincin da ya lalace da kansa babu wanda ya taɓa shi. Wannan ruɗanin ba mu muka fara shi ba. A Turai shekaru ɗari biyu da suka wuce gubar asinik ta yi suna ƙwarai saboda alamunta sak na kwalara ne, har a Faransa ana mata laƙabi da garin gado, don masu gaggawar cin gado da ita suke amfani, kuma a lokaci guda mutane da dama aka zarga alhali ciwo ne ya kashe mamacin. Abin da ya fara raba gardama shi ne gwajin da wani masanin sinadarai ɗan Ingila, James Marsh, ya fito da shi a 1836, wanda ke iya nuna asinik ko da ɗan kaɗan ne ƙwarai a naman jiki. A 1840 aka yi shari'ar wata mata Marie Lafarge a Faransa da ake zargi da kashe mijinta, gwaje-gwajen farko suka yi ta karo da juna, sai da aka kira Mathieu Orfila, wanda ake ɗauka shi ne uban wannan fanni, ya maimaita gwajin yadda ya kamata. Daga nan ne kotuna suka koyi cewa maganar guba ba a yanke ta da gani ko da ji, sai da awo.

Amma zan gaya miki gaskiya, ba zan ɓoye miki don in kare kowa ba. Haɗuwar abubuwan da kika lissafa, zufa mai yawa da amai da gudawa da kumfa a lokaci guda, tana sa likita ya yi tunanin maganin ƙwari na feshi, irin dangin fiya-fiya da Sniper da waɗanda ake fesa wa wake da tumatir. Akwai wani sinadari a jikinmu da aikinsa shi ne kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi, to su waɗannan magunguna shi suke ɗaurewa, sai saƙo ya yi ta tafiya babu birki, yawu da hawaye da zufa da majina su ɓalle, hanji ya yi ta murɗawa, huhu ya cika da ruwa, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, nama ya riƙa rawa a ƙarƙashin fata. Idan an kai mutum da wuri akwai allurar atirofin da ke busar da ruwan nan, kuma muna ceto da yawa da ita.

To ko da a ce wannan ɗin ne, dubi kalmar da ke cikin saƙonki: daga gona ya dawo. Ya yi feshi a ranar? Da me ya haɗa maganin, da hannu ya dama? Tankin da ke bayansa yana yoyo? Bakin feshin da ya toshe ya sa baki ya hura, kamar yadda manoma da yawa ke yi? Ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu a gona? A wace jarka ya sha ruwa, ba tsohuwar jarkar magani ba ce aka ɗauraye? Hatsin da aka yi tuwon ko waken da aka ci, daga buhun da aka zuba wa maganin ajiya ne kwanan nan? Su waye suka ci tuwon tare da shi, kuma me ya same su? Akwai kuma tambayar da babu dangin da ke son a yi, ko yana cikin wata damuwa ta bashi ko ta rayuwa da ta fi ƙarfinsa. Ban ce haka ne ba, Allah ya kiyaye, amma mai bincike dole ya tambaya. Ina tuna wani gida da aka kawo mana yara biyu daga ciki, an riga an kama kishiyar uwarsu, da aka je aka duba ɗakin sai ga kwalbar lemo a ƙarƙashin gado da uban da kansa ya juye ragowar maganin feshi a ciki ya ajiye. Matar nan ta kwana a hannun 'yan sanda kan laifin da ba ta yi ba, kuma har yau idan na tuna fuskarta raina ɓaci yake.

A iya abin da ya ratso ta hannuna, gubar tsautsayi da ganganci ta fi ta mugunta yawa nesa ba kusa ba. Iyali guda su kwana da janareto a soro ko kaskon gawayi a ɗaki an rufe taga da hunturu, a wayi gari ba wanda ya motsa, unguwa ta ɗauki cewa an yi musu sammu ko an sa musu wani abu a abinci, alhali iskar hayaƙi ce wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200. Mu da mun buɗe muka ga jini da tsoka sun yi ja jawur mun san inda aka dosa. Ki tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara suna ta jijjiga suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da Bagega, an zaci maleriya ce ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jini aka ga dalma ce, daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka tafi, kuma babu uwar da ta sa wa ɗanta guba. A 2008 maganin haƙorin jarirai na My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya saboda wani sinadari mai lalata ƙoda da ya shiga haɗinsa, iyaye da hannunsu suka ba 'ya'yansu don ƙauna. Irin sinadarin ne dai ya kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari.

Yadda muke bincike idan an kawo gawa da wuri

Ba da wuƙa muke farawa ba, da tambaya muke farawa, da fayil ɗin asibiti, da duba inda abin ya faru. Sannan a duba jiki daga waje, leɓe da harshe ko sun ƙone, farce, ƙwayar ido, alamar allura, warin da ke tashi, don maganin feshi yakan bar wari kamar na kananzir ko tafarnuwa a ciki. Sai a ɗebi samfuri, kuma kowanne da dalilinsa. Jini daga jijiyar cinya muke ɗiba ba daga zuciya ba, saboda bayan mutuwa magunguna kan tsiyayo daga ciki da hanta da huhu su gurɓata jinin da ke kusa da su, sai awo ya nuna adadi mai yawa na ƙarya. Fitsari na nuna abin da ya riga ya ratsa jiki. Abin da ke cikin tumbi na nuna abin da aka haɗiya bai gama narkewa ba. Hanta ita ce matatar jiki, abubuwa da yawa a can suke taruwa. Ruwan cikin ido yana daɗewa bai lalace ba don a killace yake. Gashi kuma kamar littafin tarihi ne, yana tsiro wajen santimita ɗaya a wata, to idan an daɗe ana shayar da mutum wani abu za a iya ganin watan da aka fara.

Kowace kwalba sai an rufe ta da hatimi, a rubuta wanda ya ɗiba da wanda ya karɓa da lokaci, a sa a sanyi, domin idan aka samu giɓi ko na awa ɗaya ne da ba a san hannun wa take ba lauya zai rushe shaidar a kotu, kuma yana da gaskiya. Haka kuma dole a ɗiba kafin a yi wa gawa allurar hana ruɓewa, don ita ma sinadari ce mai ɓata awo.

Ko an yi duk wannan akwai iyaka. Babu na'urar da ake zuba jini ta ce ga guba. Na'ura abin da aka ce ta nema take nema, idan ba a yi zargin wani abu ba ana iya wuce shi, musamman gubar itatuwa da saiwoyi na gargajiya. Sakamako ya fito babu komai ba ya nufin babu guba, kamar yadda samun wani abu ba ya nufin shi ne ajali, kai har barasa gawa na iya ƙerawa da kanta idan ta fara ruɓewa, sai a samu a jinin wanda bai taɓa kai ta baki ba. Ga kuma matsalar kayan aiki, sau da yawa sai mun tura samfuri wani gari mai nisa ko ƙasar waje, a jira makonni, ga tsada. Kuma ko sakamako ya fito ƙarara, ni likita iyakata in ce wannan sinadari ne ya kashe shi. Wa ya ba shi, da gangan ne ko kuskure, wannan aikin 'yan sanda ne da alƙali, ba a rubuce yake a jini ba.

Yanzu da an binne shi

Doka ta ba da damar tono gawa, amma sai da umarnin kotu bayan an kai ƙara wajen 'yan sanda, ba dangi ne za su ɗauki shebur ba. Ta fuskar addini ma majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 1987 cewa ya halatta a binciki gawa idan alƙali na buƙatar sanin sanadin mutuwa a shari'ar kisa. Sai dai abin da za a samu ya danganta da irin gubar. Dangin ƙarfe, dalma da asinik da makuri wato zaiba, ba sa ruɓewa, ana samunsu a gashi da farce da ƙashi bayan shekaru, sai dai a haɗa da ƙasar kabarin a auna don kada ya zama daga ƙasa suka shiga. Amma maganin feshi irin wanda alamun yayanki suka fi kama da shi saurin wargajewa yake yi, ga shi mu a likkafani muke binnewa a ƙasa mai ɗumi, kowane mako da ya wuce damar na raguwa. Ba ki faɗi yaushe ya rasu ba, amma idan an yi watanni, ni ba zan ba ki shawarar tono ba, za a tayar da hankalin kowa kuma wataƙila a tashi babu amsa.

Inda na fi sa rai shi ne asibitin da ya yi rabin wuni. Ki sami babban namiji a gidanku da ake jin maganarsa, ko ke da kanki, ku je ku nemi ganin likitan da ya karɓe shi. Ku tambaya me aka rubuta game da ƙwayar idonsa, bugun zuciyarsa sauri yake ko a hankali, akwai zazzaɓi, gudawar ta yi kama da ruwan shinkafa, an ji wani wari a numfashinsa, an yi masa atirofin kuma ya nuna alamar sauƙi, an karɓi wasu masu amai da gudawa daga unguwarku a makon, akwai ragowar jininsa a ɗakin gwaji. Amsar waɗannan kaɗai kan karkata mizani sosai ko zuwa kwalara ko zuwa maganin feshi. Sannan ku duba gona da rumbu da ɗakin ajiya, kayan da ya sa ranar idan ba a wanke ba a ɗaure a leda mai tsabta, kuma ku ji ta bakin wanda suka yi aiki tare.

Daga nan inda nake ba zan iya ce miki ga abin da ya kashe yayanki ba, kuma ba zan rantse miki cewa matarsa ba ta da laifi ba, don akwai lokutan da na tsaya a kotu na ba da shaidar da ta tabbatar da zargi irin wannan. Abin da zan iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne abin da ke hannun danginku yanzu, kumfa da batun ƙarin aure, bai kai hujjar da za a kira mace mai kisan kai da ita ba. Za su ce miki ruwa ba ya tsami banza, ki ce musu gaskiya ne, shi ya sa za a je a tambayi likitan da ya gan shi da rai. Idan suna da yaƙini su kai maganar gaban hukuma a bincika, idan kuma ba za su kai ba to a daina yaɗa ta, domin jaririn da ke bayan matar nan ɗan yayanki ne, kuma da wannan labarin zai tashi.

Abu ɗaya na roƙe ki ki isar wa mutanen gidanku tunda manoma ne. Idan Allah ya kawo tsautsayi wani ya sha ko ya shaƙi irin waɗannan abubuwa, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, musamman idan kananzir ne ko sodar yin sabulu, domin aman kan koma huhu ya ƙarasa abin da gubar ta fara. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar ko ledar abin a tafi da ita asibiti a daren, kada a jira asuba.